Tabon Mai a Gefen Hoto

Safiya, da ke zan fara a wannan babi, ko da yake yayyenki ma su buɗe kunne, don abin da suka sani rabi ne. Ranar da kika zo gidana a Kambarawa da jaririnki kika sauko da tsohon akwatin hotunana daga saman kabad, na shigo daga masallaci na tarar da ke a kan tabarma da tsumma mai danshi kina goge su ɗaya bayan ɗaya. Na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki irinta ba tun da aka haife ki. Kika ajiye tsumman, kika goya ɗanki, kika bar abincin da aka zuba miki. Sai da kika kai bakin ƙofa kika juyo kika faɗi maganar da na san ta daɗe tana cin ki.

"Baba, akwati guda na motoci da itatuwa, amma babu hoton Umma ko ɗaya. Ashe gaskiya Gwaggo Rabi ta hwaɗi."

Na san abin da Rabi ta faɗa, don ni ma a gabana ta faɗe shi. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, zuciyarta fara, bakinta kuwa ba ya jiran izini. Cewa take yi mota ta fi mahaifiyarku daraja a idona. Ban amsa miki a ranar ba, saboda mu ba a tashe mu a kan namiji ya zauna gaban 'yarsa yana kwance zancen matarsa ba. Amma takarda ba ta kallon idon mutum, don haka ga amsarki.

Kyamarar nan wani injiniyan hanya ne ya bar mini ita, mutumin da na tuƙa ina saurayin direba. Bai koya mini komai ba sai yadda ake sa fim da yadda ake murɗa shi. Sauran duk zaman jira ne ya koya mini, don rabin aikin direba jira ne. Maigida ya shiga taro, kai kuma kana gindin bishiya kana kora ƙuda. A irin wannan zaman na fara ɗaukar abin da ke gabana: makaniken da barci ya sace a ƙarƙashin motar katako, mai shayi yana ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi, Bafulatana ta sauke ƙwarya tana gyara goyo, gingimari ta lalace a kan hanyar Funtuwa an jera mata ganye. Tun da wuri na gane cewa idan ka ce wa mutum ya tsaya ka ɗauke shi, sai ya gyara hula, ya ƙame, ya haɗe rai kamar an kai shi gaban alƙali, mutumin da ka gani ya burge ka ya ɓace. Shi ya sa ba na cewa kowa ya tsaya. In na ɗauka, in mutumin yana kusa, sai in yi masa sallama in gaya masa, yawanci dariya suke yi su ce in kawo musu su gani.

A Ƙofar Marusa nake kai wankin fim, shagon Malam Lawal mai hoto. Shi mutumin labule ne mai zanen jirgin sama, da tukunyar furen roba, da wayar tarho marar igiya da ake riƙewa a kunne. Duk ranar da na je karɓa sai ya baje hotunana a kan tebur ya riƙe haɓa.

"Malam Isa, wanga kuma mi ne ne? Gindin tsamiya da buta? Ina mutumin?"

"Ya gama salla ya tahi."

"Tau, Allah shi kyauta. Fim dai ba ya da bakin kuka, shi ya sa kake mashi haka."

Bai san ba don shi nake ɗauka ba. Mai kallon tana gida, a Ƙofar Guga, gaban murhu. Mahaifiyarku Binta sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma babu wanda bai san ƙulinta ba a unguwar. Daga suyar gyaɗa sai matsar tunkuza, daga matsa sai tuya, gida cike da yara masu saye da mata masu awo. Tun da aka kawo ta, iyakar tafiyarta Jibiya ce, biki, ita ma kwana ɗaya. Ranar da na fara shigo mata da ambulan na hotuna, ko tsayawa wanke hannu ba ta yi ba. Ta shafa a zane sama-sama, ta miƙo hagu, don bahaguwa ce, ta kama gefen hoton da babban yatsa.

"Binta, wanke hannu mana, za ki ɓata su."

"Haba Malam, man gyaɗa ne hwa, ba guba ba. Nan ina ne?"

Haka ta ci gaba da yi har ƙarshen rayuwarta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na gaji na bari. Ba ta kallon hoto irin na mutane, a duba a miƙa wa na gaba. Riƙe shi take yi har ƙuli ya nemi ƙonewa, tana tambaya. Nan ka ci abinci? Wannan hanyar ina ta nufa? Wa ya bar takalminsa a nan? Daga baya ma sai ta koma ba ni saƙo, yadda wasu matan ke cewa a sayo musu turare. In za ka Funtuwa ka ɗauko mani gonar auduga. In ka bi ta Dutsin-ma ka ɗauko mani ruwan nan da aka ce ba a ganin ƙarshensa. Na lura hotunan kasuwa da taro ba su dame ta ba, tana wuce su da sauri. Da na tambaye ta sai ta nuna tsakar gida da baki, yayyenki suna ta kokawa a kan ƙanzo.

"Hayaniya ai ga ta nan ta ishe ni. Kai dai ka kawo mani inda babu kowa, in ɗan zauna."

Kin ji dalilin itatuwa, da bakin rafi, da masallatan gefen hanya waɗanda iyakarsu jeren duwatsu. Motocin kuwa zaɓe take yi. Ta jera su a kan faifai, ta ce wannan mai katako ta cika surutu, wannan a-kori-kura za ta zubar da ita a hanya, wannan farar ita ce za mu shiga ranar da za ka kai ni in ga ruwan da idona. Nakan ce mata motar mutane ce. Ta ce ai ba ta ce a saya ba, a shiga ta ce.

Yanzu ga abin da Rabi ba ta sani ba. Akwai ranar da na ɗaga wa mahaifiyarku kyamara ba ta shirya ba, tun kafin a haifi yayanku Nasiru. Tana sheƙar gyaɗa, iska ta ɗebe mata ɗankwali, na ga abin ya yi mini kyau. Kafin in danna ta ankara ta rufe fuska da faifai. Na zaci wasa ne, sai da ta sauke na ga idonta ya kawo ruwa. A ranar ta ba ni labarin mahaifinta. Mutum ne kakkaura mai fara'a, amma hotonsa ɗaya ne a duniya, wanda aka ɗauka don katin asibiti ciwo ya riga ya cinye shi. Ta ce tun tana iya tuno ainihin fuskarsa, har hoton ya kore ta, yanzu in ta rufe ido marar lafiyan nan kawai take gani.

"Hoto ba ya mantuwa, Malam. Ban son ɗiyana su riƙa ganina da hayaƙi a ido da zane duk maiƙo. Guda ɗaya nika so. In yi kitso, in yi lalle, in ɗaura sabon zane, ka ce mani in shirya, in dube ka. Ka yi mani alkawari ba za ka sace ni ba yadda kake satar mutanen hanya."

Na yi mata alkawari, har da rantsuwa, don ta ce sai na rantse. A lokacin abin bai yi mini nauyi ba, ina ganin Salla mai zuwa za a yi a gama. Salla ta zo tana da ciki, ta ce fuskarta ta kumbura. Wata Sallar ta zo, atamfar da na saya mata ta raba ta ɗinka wa yara. Wata shekarar haƙori ne, wata kuma ta ce lalle ba ya zama a hannun mai matsar tunkuza, sai ta samu hutu. Mai ƙuli kuwa ba ta da hutu. Nakan tsokane ta in ce sai ta yi furfura za ta shirya, ta ce ko da furfurar ai ta fi motocina kyau.

Haka muka kai shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Mu da muka sha jin irin wannan magana ba mu ɗauka da gaske ba, sai da muka ga gari ya rikice. Alhajin da nake tuƙawa, ɗan kasuwar auduga da taki, shi ma ya tsunduma, ba takara ya tsaya ba amma babu taron da ba a ganinsa. Muka bi ƙauyuka har waɗanda ban san da su ba. Katsina kuwa ta cika da fuskoki. Kowane bango, kowace bishiya, har jikin tsohuwar ganuwa, an manna wani da hula a karkace yana murmushin da bai saba ba. Shagon Malam Lawal sai ka yi layi, ya cire labulen jirgi ya sa fari, ya sayi sabon babur. Wata rana mahaifiyarki ta fita suna a Ƙofar Marusa, ke kina goye, ta dawo tana dariya tun daga zaure.

"Malam, ashe kowa ya samu fuska a bango! Har ɗan gidan mai kanwa na gani, wanda ko gaisuwa bai iya ba. Tau ni ma lokacina ya yi."

Wannan karon da gaske take. Ta sayi atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ta ɓoye ta a ƙasan adaka kada tausayin yara ya kama ta, ta kai wa tela da kanta. To amma telolin gari a lokacin ba su da idon kallon ɗinkin mai ƙuli. Manyan riguna ne na rantsarwa da ankon matan jam'iyya jibge har rufi. Yau ya ce gobe, gobe ya ce jibi. Har Alhaji ya ce in shirya za mu Abuja bikin miƙa mulki, ɗinki bai fito ba.

Ranar tafiya an yi ruwa da asuba, farkon damina ne, gari ya yi sanyi ƙasa tana ƙamshi. Na ɗauko motar Alhaji na ajiye a bakin lungu, na shigo ɗaukar jaka. Kyamara tana wuyana, saura hoto ɗaya fim ɗin ya ƙare. Ina kawowa bakin zaure na tsaya. Tana zaune a kan 'yar kujera gaban kasko, rana ta ɓullo ta bayan katanga ta sauka a gefen fuskarta. Ke kina bayanta, kin kama ɗankwalinta kina ja da ƙarfinki duka, ita kuma ta karkata kai tana dariya tana cewa sakar mani, 'yar nema, hannunta na hagu riƙe da matsami. Na yi shekaru ina bin hanyoyi ina neman irin wannan, ban taɓa ganin kamarsa ba. Ban san lokacin da na ɗaga kyamara ba. Na gan ta a cikin gilashin, fes, yatsana a kan maɓalli. Ina cikin duhun zaure, ba ta gan ni ba, ƙarar mai a kasko kuma za ta rufe ƙarar dannawa.

Na sauke. Ba tsoron rantsuwa kaɗai ba ne, ko da yake ina tsoronta. Abin da ya faɗo mini shi ne, in na danna zan dawo da hoton da ba zan iya nuna mata ba, ni kuwa duk hoton da na taɓa ɗauka don in nuna mata ne. Na ce a raina kwana nawa ne, ɗinki zai fito. Na yi gyaran murya, ta ɗago.

"Au, ba ka tahi ba?"

"Yanzu dai."

"Ka ɗauko mani Abujan nan in gani. Amma kak ka kawo mani masu manyan riguna, na gan su a bango. Ka nemo inda babu kowa. In ka dawo ɗinki ya iso, ga lalle nan na daka. Allah shi kiyaye hanya."

Ta ƙulle mini ƙuli mai zafi a leda. Na fita, na ga ruwan sama ya kwanta a jikin motar Alhaji, fara ce irin wadda ta zaɓa, sai na ƙarar da hoton ƙarshen a kanta don in sa sabon fim.

A Abuja na yi aikin da aka sa ni. Ana can ana rantsuwa da buga ganguna, ni ina bayan fili tare da direbobi. Na ɗauko mata wani ƙaton dutse da girgije ya rufe wa kai, da titi mai faɗi da sassafe babu ko keke, da jeren motoci direbobinsu sun miƙe ƙafa ta taga suna barci, da wata bishiyar mangwaro a bayan masauki inda nake cin ƙulinta. Biki ya ƙare amma Alhaji bai ƙare ba, kullum akwai wani babba da za a gaisar. Raina yana gida, sai dai direba ba ya cewa a tafi.

Da muka dawo na sauke Alhaji, na hau ɗan acaba zuwa Ƙofar Guga da rana tsaka. Ina karyo kwanar lungunmu na hango tabarmi a ƙofar gidana, maza zaune. Wanda ya tashi a garin nan ba ya bukatar a fassara masa wannan. Limamin unguwa ya taso ya kama hannuna biyu ya zaunar da ni. Amai da gudawa ne, irin na farkon damina, ya kama mahaifiyarki da safe, kafin wata safiyar Allah ya karɓi ranta. An yi mata sutura an kai ta a ranar, yadda addini ya ce, kuma ban taɓa ganin laifin kowa a kan haka ba. Sun ba da saƙo a tasha, amma wa zai gano direba ɗaya a garin da kowane direba yana jiran wani Alhaji? Ban ga fuskarta ba. Muna cikin zaman makoki tela ya zo da ɗinki a leda, ya tsaya daga nesa ya kasa ƙarasowa.

A kwanakin nan ne mata suka ce a fito da hotonta dangin nesa su gani. Rabi ta buɗe akwatin nan ta zazzage shi a tsakar ɗaki, ta bi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta leƙo zaure, idonta jajir, ba ta damu da mutanen da ke wurin ba.

"Yaya, ka ɗauki jakin mutane, ka ɗauki tayar mota, ka rasa ɗaukar matar da ta haifa maka ɗiya? Mi za a nuna ma wagga yarinya in ta girma?"

Na tashi na fita ƙofar gida. In na buɗe baki kuka zan yi a gaban maza, kuma alkawarin tsakanina da Binta ne.

Sai bayan arba'in na iya kai finafinan wanki. Malam Lawal bai baje su a tebur ba wannan karon, ya miƙo mini ambulan a rufe ya ce Allah shi jiƙanta. Na zo gida na buɗe akwati zan zuba su a kan tsofaffin, sai na ga sababbin sun fita daban, ban gane dalili ba da farko. Ƙal suke, babu ɗigon komai. Na ɗauko tsoho ɗaya, na ɗauko wani, na ɗauko wani. Kowanne a gefensa na hagu, daga ƙasa, akwai shatin babban yatsa na man gyaɗa. Wanda ta fi so, na ruwan Dutsin-ma, tabo a kan tabo ne har gefen ya yi duhu. Abin da na yi shekaru ina mata faɗa a kansa ke nan. Na zauna a ƙasa har aka kira la'asar ban tashi ba.

Kada ki ɗauka na huta da tambayar kaina. Akwai ranakun da nake cewa da na danna, da yanzu kin san dariyar uwarki, da ita ma ta yafe mini don ba ta riƙo. Akwai ranakun da nake gode wa Allah da ban danna ba, don har yau in na rufe ido ina ganinta da rai, tana karkata kai, hoto bai kore ta ba kamar yadda ya kori mahaifinta. Amma wannan ni kaɗai nake da shi, kuma zan tafi da shi. Ke aka cuta, ke da ba ki da ko wannan, kuma ni na zaɓa miki ba tare da na tambaye ki ba. Ina kewarta, Safiya. Na tsufa, na yi wani auren, an zauna lafiya, amma ko yanzu in na ga wuri shiru a gefen hanya sai in ji hannuna yana neman kyamara.

Tabon waɗanda kika goge ya tafi, ban riƙe ki ba, don ba ki sani ba. Ki yafe mini tsawar. Kin tuna kina ƙarama Rabi ta so a ɗaure miki hannun hagu don ki koyi ci da dama, na ce duk wanda ya taɓa hannun nan sai mun ɓata? Yanzu kin san dalili. In kin zo ranar Juma'a zan ba ki na ruwan Dutsin-ma ki ɗora yatsanki a kan nata ki ga ko ya yi daidai. A can ƙasan akwatin kuma akwai na Abuja, da na farar mota a bakin lungu da ruwan sama a jikinta. Saƙonta ne na ɗauko, babu wanda ya karɓa har yau. Ki fara shiga kicin ki yi mana suya tukuna, sannan ki zo in ba ki su ɗaya bayan ɗaya, ki tambaye ni nan ina ne. Kada ki wanke hannu.